Wa ke ba da tikitin sanata a Najeriya? Abin da doka ta ce

A fadarmu da ke Zongo, nan Damagaram, shayi ba ya kaiwa zagaye na biyu sai baki ya tsallaka iyaka. Akwai wani direba mai jigila zuwa Kano ta Matamaye da Daura, shi ke kawo mana labari da ɗuminsa, sauran mu cike daga rediyo da WhatsApp. Shekaranjiya gardama ta kaure kan wanda wata jam'iyya za ta tsayar sanata a shiyyar Daura. Wannan ya ce gwaninsa ya fi kuɗi, wancan ya ce nasa gwamna na bayansa. Can sai wani yaro ɗan kabu-kabu da ke hura gawayi ya ɗago kai ya ce, "Malam, wai shi tikitin nan wa ke ba da shi? Gwamna, ko jam'iyya, ko CENI ɗinsu?" Aka yi tsit. Mun kwashe awa guda muna jera sunaye, amma ba wanda ya iya faɗin yadda ake fid da sunan.

Ba laifinmu ba ne gaba ɗaya. Mu a Nijar ba mu saba da majalisar dattawa ba. Kundin tsarin mulkin tazarce na 2009 ya tanade ta, sai juyin mulkin 18 ga Fabrairu 2010 ya zo ba a kai ga kafa ta ba. Abin da muka sani shi ne depite, wato ɗan majalisa, kuma kafin juyin mulkin 2023 galibi jam'iyya ce ke jera sunaye a takarda guda, mai zaɓe ya dangwala wa jam'iyya. A Najeriya kuwa kujerun dattawa 109 ne: kowace jiha cikin 36 tana da uku, Abuja ɗaya. Kowace kujera mutum ɗaya ne daga kowace jam'iyya, shi ya sa faɗan cikin gida yake zafi haka. Maƙwabtanmu ta kudu, wato Katsina ta Arewa, Jigawa ta Arewa maso Yamma da Yobe ta Arewa, duk irin waɗannan mazaɓu ne.

Sharuɗɗan tsayawa ba su da tsawo. Sashe na 65 na kundin 1999 ya ce ya zama ɗan ƙasa, shekarunsa su kai 35, karatunsa ya kai matakin kammala sakandare ko kwatankwacinsa, kuma ya zama ɗan jam'iyya wanda ita ce ta tsayar da shi. Wannan na ƙarshen shi ne gindin magana: ba a tsayawa a kan kai. Sai kuɗin fom, wanda jam'iyya ke yankewa da kanta. A 2022 APC ta sayar da na sanata naira miliyan 20, PDP miliyan 3.5.

Zan kafa bayanina a kan dokar zaɓe ta 2022, wadda a ƙarƙashinta aka fid da 'yan takarar zaɓen 2023, don ita ce kotuna suka tsefe muka ga yadda take aiki. Sashe na 84 ya ba jam'iyya hanya uku. Ta farko ƙato bayan ƙato, inda kowane ɗan jam'iyya mai rajista ke da ƙuri'a. Ta biyu ta daliget, wakilan da aka zaɓo daga ƙasa su taru wuri guda a cikin mazaɓar, wanda ya fi ƙuri'a a tura sunansa. Ta uku maslaha.

A kan maslahar nan mutane suka fi ruɗewa, don kunne ya saba jin "manya sun zauna sun daidaita". A doka zaman manya bai isa ba. Sai kowane ɗan takarar da aka tantance ya rubuta da hannunsa cewa ya janye don ra'ayin kansa, kuma ya amince da wanda aka tsayar. Idan mutum bakwai ne shida suka sa hannu ɗaya ya ƙi, maslaha ta rushe, dole a koma ɗaya daga hanyoyi biyun farko. Ko an samu hannun kowa, sai an kira taro na musamman an tabbatar. Saboda haka in ka ji an ce wane ne ɗan maslaha, tambaya ita ce su waye suka sayi fom kuma wa ya riƙe alƙalaminsa. Sau da yawa wanda ba a lissafa shi cikin hasashe shi ne ke riƙe da wuyan kowa.

Hanyar daliget ma ta zo da wani abin dariya a 2022. Yadda aka rubuta sashen, wakilan da aka zaɓa ne kawai ke da ƙuri'a, ban da masu shiga don muƙaminsu, irin su sanatoci da tsofaffin gwamnoni. Wato 'yan majalisa sun rufe wa kansu ƙofa da hannunsu. Suka yi gyara cikin gaggawa a watan Mayu, Shugaba Buhari bai sa hannu ba. Adadin masu ƙuri'a ya ragu, kuma wanda ke riƙe da jam'iyya a jiha, wanda yawanci gwamna ne, ya ƙara ƙarfi. Kun ga amsar yaron namu ke nan: sunan gwamna bai fito a dokar ba, amma inuwarsa na kan jerin daliget.

Hukumar zaɓen Najeriya INEC, wato "CENI ɗinsu" da yaron ya ambata, ba ta zaɓar wa jam'iyya kowa. Aikinta sa ido. Dokar 2022 ta ce dole a sanar da ita kwana 21 kafin taron, in ba a yi ba taron ya zama aikin banza. Dokar ta 2022 ta kuma ce dole sunan ɗan takara ya isa gare ta kwana 180 kafin ranar zaɓe. Minista ko kwamishina mai sha'awar kujera sai ya ajiye muƙami kafin a shiga filin. Jam'iyyar da ta karya waɗannan ƙa'idoji, doka ta ce ba za a sa ɗan takararta a zaɓen ba.

Wanda ke ganin wannan barazana ce kawai ya tuna Zamfara, tun ma a ƙarƙashin tsohuwar doka. Gabanin zaɓen 2019 rikici tsakanin ɓangaren Gwamna Abdul'aziz Yari da na Sanata Kabiru Marafa ya hana APC yin sahihin zaɓen fid da gwani. Duk da haka ta shiga zaɓe ta lashe. Ranar 24 ga Mayu 2019 Kotun Ƙoli ta ce ƙuri'unta sun tafi a banza. Kujerar gwamna da kujerun sanata uku duk suka koma PDP, har da wadda Yari ya ci.

Labarin Yobe ta Arewa ya fi kusa da mu, kuma shi ya fi ɗaure kai. A ƙarshen Mayu 2022 Bashir Machina ya ci zaɓen fid da gwani na APC, lokacin Ahmad Lawan, shugaban majalisar dattawa na wancan lokaci, yana can yana neman tikitin shugaban ƙasa. Lawan bai samu ba. Jam'iyya ta aika sunansa a matsayin sanata, tana cewa an sake wani zaɓen a watan Yuni. Doka kuwa ta ce ba a sauya ɗan takara sai ya mutu ko ya janye da kansa, Machina kuma ya ce bai janye ba. Ya yi nasara a Babbar Kotun Tarayya da ke Damaturu, ya sake yi a Kotun Ɗaukaka Ƙara. Ranar 6 ga Fabrairu 2023 Kotun Ƙoli, alƙalai uku da biyu, ta ba Lawan. Dalilin masu rinjaye shi ne Machina ya yi zargin maguɗi, amma ya shigar da ƙarar ta hanyar da ba a kiran shaidu, alhali irin wannan zargi sai da shaidu. A ganina hukuncin nan ya bar tabo, don wanda ya ci a fili ya rasa kujera a kan irin takardar da lauya ya ɗauko. Amma haka aka yanke, kuma daga Kotun Ƙoli ba wani gaba.

Lokaci ma yana kashe ƙara. Sashe na 285 na kundin ya ba wanda aka zalunta kwana 14 kacal daga ranar da abin ya faru, kotu kuma ta yanke cikin kwana 180. Wanda ya tsaya jiran dattawa su yi sulhu har mako biyu ya wuce, ya yi sallama da kujerar. Kuma mai ƙarar sai wanda ya shiga takarar da kansa, ba magoyin baya ba, komai zafin ransa.

Da na kai nan direbanmu ya kurɓe ragowar kofinsa ya ce, "To Malam, ai ni ban ma san ko gwanin nawa ya sayi fom ba." Gobe da asuba zai ɗauki fasinja, ya ce in ya tsaya a Daura zai tambaya.