Me ake nufi da "ɗaukar imej" idan had-dis ya fara mutuwa?

Idan kwamfuta ta fara nauyi, fayil ya ƙi buɗuwa, ko ta riƙa sandarewa tana tsakiyar aiki, mai gyaran da ya san hannunsa zai ce a fara ɗaukar imej. Nufinsa a kwashe duk abin da ke kan had-dis ɗin, wato faifan da kwamfuta ke ajiye bayanai a kai, daga sektar farko har ta ƙarshe, a juye kan wani lafiyayye, ba ruwanka da ina fayil yake, ina babu komai. Sekta kuwa su ne 'yan gidajen ajiyar da aka yayyanka faifan, kowace tana cin bayit (ma'aunin girman bayanai) 512, ko 4096 a na baya-bayan nan.

A cikin had-dis akwai faifai mai juyawa sau 5400 ko 7200 a minti ɗaya, da wani ɗan kai mai karatu da ke shawagi a samansa, tazararsu ba ta kai ko kusa da kaurin silin gashi ba. Da zarar kan ya gogi faifan, sai ya karce shi, burbushin ya bazu ya ƙara karce wani wurin. Kenan duk kunnawa ɓarna ce ke ƙaruwa. Kwafin da muka saba yi kuwa, yana cin karo da sektar da ta lalace zai tsaya yana nacin karanta ta, har faifan ya ƙarasa, alhali sauran kayanka lafiyayyu suna can ba a taɓa su ba.

Shi ya sa ake amfani da irin su ddrescue, manhajar kyauta da Antonio Diaz Diaz ya rubuta, wadda aka fi sarrafawa a Linux, wata babbar manhajar tafiyar da kwamfuta kamar Windows. Tana fara kwashe wuraren da ke karantuwa cikin sauƙi, ta tsallake masu gardama, sai daga baya ta dawo musu a hankali. Tana kuma rubuta inda ta tsaya a wani ɗan fayil, ko an ɗauke wuta daga nan za ta ci gaba. Sharaɗi dai sabon faifan kada ya gaza tsohon girma, kuma a duba da kyau wane ake juyewa kan wane. Aka yi kuskuren juye sabon kan tsohon, shi ke nan an shafe komai.

Bayan an gama, sai a ajiye marar lafiyan gefe, a koma kan imej ɗin da manhajojin ceto fayil irin su TestDisk ko PhotoRec ana tsamo takardu da hotuna. Idan Windows ta ce a yi fomat, kada a yarda. Ni ko chkdsk, manhajar Windows ta dubawa da gyaran faifai, ba na goyon bayan a sakar wa irin wannan faifai, don rubutu yake yi a kansa.

Amma fa imej na faifan da kwamfuta ke gani ne. Wanda yake ƙwas-ƙwas ko ya daina juyawa, a kashe shi nan take. Kada a kwance shi a shago, kada a saka shi a firji. Sai ƙwararru masu ɗakin da ƙura ba ta shiga, kuma aikinsu da tsada.