Gidan Esterházy

Esterházy gidan sarauta ne na ƙasar Hangari, wanda a ƙarni na 18 babu mai gonaki da dazuzzuka kamarsa a duk masarautar. Arzikinsu ya samo asali ne daga biyayya: sun tsaya wa sarakunan Habsburg na Viyana a yaƙe-yaƙensu da Turkawan Usmaniyya, sarakunan kuma suka saka musu da ƙasa. Nikolaus Esterházy ya karɓi ganuwar Forchtenstein da garin Eisenstadt a 1622, sannan a 1687 Sarki Leopold na ɗaya ya naɗa Paul, ɗan Nikolaus, yarima.

Paul ne ya mayar da tsohuwar ganuwar Eisenstadt fada tsakanin 1663 da 1672. Forchtenstein kuwa, da ke kan dutse, ta zama taskar gidan, inda har yau ake ajiye makamai da kayan alatu da suka tara.

Ginin da ya fi fito da sunansu shi ne Eszterháza, a garin Fertőd na yanzu. Yarima Nikolaus na ɗaya, jikan Paul, ya gina ta daga shekarun 1760 a wuri mai fadama kusa da tafkin Neusiedl, da ɗakuna 126, har ake kiranta Versailles ta Hangari, wato ana kwatanta ta da shahararriyar fadar sarakunan Faransa. Yana da gidan wasan opera nasa na kansa, wanda aka buɗe a 1768, da wani na wasan 'yartsana. Sarauniya Maria Theresa ta ziyarci fadar a 1773.

Sai dai abin da ya raya sunan gidan ya wuce tubali. A 1761 suka ɗauki Joseph Haydn aiki, ya yi musu hidima kusan shekara talatin yana tsara kiɗa da jagorantar makaɗan fada. Matsayinsa na bara ne, da tufafi irin na fadawa, amma yariman ya ba shi abin da mawaƙa kaɗan suka samu a zamanin: makaɗa na dindindin da zai gwada duk abin da ya tsara. A 1772 makaɗan suka gaji da zaman Eszterháza nesa da iyalansu, sai Haydn ya tsara wani kiɗa da a ƙarshensa kowane makaɗi ke hure kyandirinsa ya fice, ɗaya bayan ɗaya. Yariman ya gane saƙon, ya bar su suka koma gida.

Bayan rasuwar Nikolaus a 1790 aka yi watsi da Eszterháza. Bashi ya sa gidan ya sayar wa gwamnatin Hangari tarin zane-zanensa wajen 1870, ciki har da wani na Raphael, kuma su ne tushen babban gidan adana zane na Budapest.

Iyakar da aka ja tsakanin Ostiriya da Hangari a 1921 ta raba dukiyar gida biyu. Ɓangaren Hangari gwamnati ta ƙwace bayan 1945, ta kuma ɗaure Yarima Paul na biyar har 1956. Ɓangaren Ostiriya ya tsira, kuma gidauniyoyin da matarsa Melinda ta kafa ne ke kula da Eisenstadt da Forchtenstein. Fadar Fertőd, wadda aka gyara, tana cikin yankin tafkin da UNESCO ta sa a jerin kayan tarihin duniya a 2001.