Waiwaye: Tun Kafin Waya, Taba Ta Riga Ta Sauya Ƙamshi

Duk lokacin da bidiyon samari da 'yan mata suna busa hayaƙin shisha a wurin biki ya fito, sai muhawara ta kaure a Facebook da majalisun Sakkwato. Wasu su ce waya ce ta lalata yara, wasu su ɗora wa iyaye. Ana magana kamar jiya abin ya faɗo daga sama, alhali ya daɗe yana tafe.

Taba ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Kakanninmu sun san garin taba da ake haɗawa da kanwa, mata sun san furen taba da ake gogawa a haƙori tare da goro. Sigari ta zo daga baya. A 1950 likitoci a Ingila da Amurka suka danganta ta da kansar huhu. Nijeriya ta hana shan ta a wuraren taruwar jama'a a 1990, ta amince da yarjejeniyar Hukumar Lafiya ta Duniya kan taba a 2005, sannan dokar 2015 ta haramta talla da sayar wa 'yan ƙasa da shekara 18.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a farkon shekarun 1990 a ƙasashen Larabawa, lokacin da aka fara sayar da tabar shisha da ake jiƙawa da maɗin rake, a zuba mata ƙamshin tuffa, inabi ko na'a-na'a. Mu'assal suke kiranta, wato mai zuma. Kafin nan tukunyar shisha ta dattawa ce, tabarta mai ɗaci da shaƙe maƙogwaro. A ganina nan ne zancen ya juya.

Dalili kuwa, a garin nan wari ne ya fi doka tsare yara daga sigari. Saurayi zai sayi kara ɗaya wajen mai tebur, ya laɓe a lungu, ya gama ya tauna goro ko ya tsotsi alewa, amma yana durƙusawa gaida mahaifiyarsa rigarsa ta tona masa asiri. A sahun masallaci na kusa da shi ya ji. In an zo binciken aure, kalmar "mashayi" kaɗai tana iya ɓata magana. Budurwa kuwa ko kusa. Da ƙamshi ya maye gurbin wari, sai wannan katanga ta zube ba a ji ƙararta ba, har sunan ma ya sauya. Ɗan ƙanwata, yaro mai hankali da ba ya wasa da salla, ya taɓa ce mini: "Kawu, ai wannan ba taba ba ce, tuffa ce, kuma ruwa yana tace hayaƙin." Har zuciyarsa ya yarda da haka, abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan. Ruwan sanyaya hayaƙi yake yi, ba ya kawar da guba, ga kuma ta gawayin da ke ci a sama. Tun 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa a zama ɗaya mai shan shisha yana iya zuƙar hayaƙin da ya kai na karan sigari 100 ko fiye.

Waya ta tarar da gona a share. Sigarin lantarki da aka ƙera a Sin a 2003 ya bi sawun ƙamshin nan, kuma hayaƙi mai kauri yana kyau a hoto. A ƙarshen 2019 Instagram da Facebook suka hana biyan masu ɗimbin mabiya don tallata taba da sigarin lantarki, sai dai abokin da ya ɗora bidiyonsa ba wanda ya biya shi.

Masu binciken lafiyar al'umma yanzu suna tattara rubuce-rubucen soshiyal midiya suna tantancewa, kuma sun sha gano cewa masu yabon shisha sun fi masu kushe ta yawa. Amma akasarin abin da suke ƙirgawa da Turanci aka rubuta shi, a shafukan da kowa ke iya gani. Hirar yaranmu a unguwannin Sakkwato irin su Mabera ko Runjin Sambo da Hausa ake yinta, cikin saƙon murya, a rukunin WhatsApp na abokai, ko a sitatus da ke ɓacewa bayan awa 24. A hirar ma ba a ambaton taba, sai a ce wane ƙamshi aka samo yau.