Ajizancin ɗan Adam a koyarwar Kirista

Ajizanci, a koyarwar Kirista, shi ne kasawar mutum ta cika nufin Allah da ƙarfin kansa. Hausawa kan ce ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Kiristoci sun yarda da haka, suka ƙara da cewa wanda ya amsa kasawarsa a gaban Allah shi ne ya kama hanyar girma cikin bangaskiya. Batu ne da ake yawan ji a wa'azin majami'un Zuru, Yawuri da Birnin Kebbi, inda ake karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, wanda aka fara buga cikakkensa a 1932.

Manzo Bulus ya fi kowa buɗe cikinsa a kan wannan. A wasiƙarsa ta Romawa, a cikin Littafi Mai Tsarki, sura 7, ya ce abin kirkin da yake so ya yi ba ya yinsa, mugun abin da yake ƙi kuwa shi yake aikatawa. A 2 Korantiyawa sura 12 ya ambaci wata ƙaya a jikinsa da ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa. Ba a cire ba. Amsar da ya samu ita ce alherin Allah ya ishe shi, domin a cikin rauni ikon Allah yake cika. A Luka sura 18 kuma Yesu ya ba da misalin mutum biyu a Haikali: Bafarisiye, ɗan wata ƙungiyar Yahudawa masu tsananta bin doka, yana lissafa azuminsa da zakkarsa, mai karɓar haraji kuwa ya tsaya daga nesa, ya kasa ɗaga ido sama, yana bugun ƙirji yana neman jinƙai. Na biyun ne ya koma gida baratacce, wato karɓaɓɓe a gaban Allah. Bitrus ma ya yi musun Yesu sau uku, amma shi aka danƙa wa kiwon tumakin, wato kula da mabiyan Yesu, a Yahaya sura 21.

An daɗe ana jayayya a kan iyakar wannan kasawa. Pelagiyus, wani malamin Kirista na farkon ƙarni na 5, ya koyar cewa mutum na iya rayuwa ba zunubi in ya ƙudura. Agustin, bishop na Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, ya ƙi, taron shugabannin ikilisiya da aka yi a birnin Kartaj a shekarar 418 kuma ya bi bayan Agustin. A ƙarni na 16 Martin Luther, jagoran gyaran ikilisiya a Jamus, ya ce mai bi baratacce ne, mai zunubi ne kuma a lokaci guda. John Wesley, mai wa'azi ɗan Ingila na ƙarni na 18, ya nace cewa zuciya na iya cika da ƙauna tun a duniya, ko da yake kuskure da rashin sani ba sa rabuwa da mutum. Ekklisiyar UMCA (United Missionary Church of Africa), mai mabiya da yawa a ƙasar Zuru, tana da jijiya a wannan koyarwar tsarki.

Inda abin ya fi wuya shi ne a zaman ikilisiya. A al'ummar da kunya da rufin asiri ke da nauyi, mutum ya gwammace ya haɗiye laifinsa shekara da shekaru da a ji shi. A majami'u da dama, wanda ya faɗi cikin zunubi na fili dattawa kan sa shi ƙarƙashin horo: ya koma kujerar baya, a dakatar da shi daga Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙo don tunawa da Yesu, da duk wani aiki har wani lokaci. In dattawan na ziyartarsa a gida, suna addu'a tare da shi, horon kan zama magani. In kuwa aka bar shi da kallon mutane kawai, sau da yawa ba a sake ganinsa ran Lahadi, kuma wannan asara ce da ya kamata ta dami kowane fasto. Galatiyawa 6:1 ta umarci a maido da irin wannan ɗan'uwa cikin tawali'u, mai maidowar yana lura da kansa kada shi ma a jarabce shi.

Malaman ikilisiya suna gargaɗi kada a mai da ajizanci hujjar ci gaba da laifi, abin da Bulus ya ƙi a Romawa sura 6. Katolika kan furta zunubansu a gaban fada, wato limamin majami'arsu, yawancin sauran ɗariku kuma suna yin furcin a addu'ar sujada ko a gaban wanda aka yi wa laifin.