Gonar ƙauye a idon doka: me takardar dagaci take tsare maka?

A ranar 29 ga Maris 1978 gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta kafa Dokar Amfani da Ƙasa, kuma har yau ita ke aiki, domin sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya ba ta kariya. Sashenta na farko ya danƙa duk ƙasar jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Abin da manomi ke riƙe da shi haƙƙin zama ne da amfani. Mutanen Arewa sun saba da irin wannan tun dokar filaye ta 1962.

Dokar ta raba ƙasa biyu. Ta birni gwamna ke kula da ita kai tsaye, ta karkara kuwa tana hannun ƙaramar hukuma. Sashe na 6 ya ba ƙaramar hukuma ikon bayar da haƙƙin zama na gargajiya don noma, gida ko kiwo, amma ba za ta wuce hekta 500 na noma ko hekta 5,000 na kiwo ba sai da yardar gwamna. Hekta guda ta kai kusan eka biyu da rabi.

Wanda ya gaji gona tun kafin 1978 fa? Sashe na 36 ya ce ya ci gaba da nomansa kamar an ba shi haƙƙin, ko da ba shi da takarda. Yana iya kai taswirar gonar ƙaramar hukuma a yi masa rajista, kuma yin hakan ya fi.

Inda ake yawan faɗawa rami shi ne ciniki. Jama'a na ƙaruwa, gandun da ya ciyar da gida guda an raba shi tsakanin magada goma, kowa ya samu ɗan yanki, wasu sai su sayar. A kira mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta takarda, dagaci ya buga hatimi. Wannan takarda tana da amfani a gaban alƙali wajen nuna cewa an biya kuɗi, da kuma inda iyaka take, daga kukar nan zuwa bakin burtali. Sai dai sashe na 21 ya haramta sayarwa ko jinginar da haƙƙin gargajiya ba tare da amincewar ƙaramar hukuma ba, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ɓatacce ne. Mai saye ya ɗauki takardar dagacin ya kai sashen filaye na ƙaramar hukuma, ya nemi amincewa a rubuce.

Awon igiya, wato yanka gona zuwa fulotai ba tare da tsarin hukuma ba, ya fi wannan haɗari. A gefen Kano, wajen Ungogo da Kumbotso, gonaki da yawa sun koma fulotai ta wannan hanya. Sashe na 36 ya hana yanka tsohuwar gona zuwa fulotai. Ban da haka, sashe na 3 ya ba gwamna ikon ayyana kowane yanki a matsayin birni ta hanyar sanarwa a gazet, wato jaridar sanarwar gwamnati. Da zarar ya yi, ƙaramar hukuma ba ta da sauran ikon bayar da fili a wurin.

Idan gwamnati ta karɓi gona don hanya, makaranta ko asibiti, diyyar da sashe na 29 ya tanada ta abin da ke kan ƙasar ce: gini, rijiya, shuka, itatuwa masu amfani irin su mangwaro da ɗorawa. Ƙasar kanta ba a yi mata kuɗi, shi ya sa mai gonar da aka girbe yakan tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Ranar ƙidaya mai gona ya tsaya da kansa, ya ga an rubuta kowace bishiya da sunansa. Idan ƙaramar hukuma ce ta karɓa, sashe na 6 ya wajabta mata ba manomin wata gonar a madadinta, kuma in ta ƙi biyan diyya yana iya kai kukansa ga gwamna.