Maya Haihuwa da Tabbacin Ceto a Addinin Kirista

Maya haihuwa, ko sabuwar haihuwa, koyarwa ce a addinin Kirista da ke cewa mutum ba ya shiga Mulkin Allah da haihuwar da uwa ta yi masa kaɗai, sai Ruhu Mai Tsarki ya ba shi sabon rai. Tabbacin ceto kuwa shi ne sanin da mai bi yake da shi cewa an gafarta masa zunubai, Allah kuma ya karɓe shi. Kusan duk ɗarikun Kirista sun yarda da na farkon. Inda suka sha bamban shi ne lokacin da wannan haihuwa take faruwa, da kuma ko mutum zai iya sanin ta tabbata a kansa.

Tushen maganar yana sura ta 3 ta Bisharar Yohanna. Nikodimu, Bafarisiye (wato ɗan ƙungiyar Yahudawa masu tsananta kiyaye Shari'ar Musa) kuma ɗan majalisar Yahudawa, ya zo wurin Yesu da dare. Yesu ya gaya masa ba wanda zai ga Mulkin Allah sai an sāke haifarsa. Dattijon ya ɗauki zancen a zahirinsa, ya tambaya ko tsoho zai koma cikin uwarsa. Akwai dalilin wannan ruɗani: kalmar Helenanci da ke wurin, anothen, tana iya nufin "kuma" tana iya nufin "daga sama", shi ya sa fassarori suka rabu a kanta har yau. Yesu ya amsa da cewa haihuwa ce ta ruwa da ta Ruhu, ya kwatanta ta da iska, wadda ake jin motsinta amma ba a san inda ta fito ko inda ta nufa ba. Wasiƙar Titus 3:5 ta yi zancen wankan sāke haihuwa, 2 Korintiyawa 5:17 ta kira mai bi sabuwar halitta, kafin su kuma annabi Ezekiyel ya yi alkawarin zuciyar nama a madadin ta dutse.

Wannan "ruwa" shi ya raba kan malamai. Katolika, da Otodoks, da Lutheran, da yawancin Angilikan suna ganin baftisma ake nufi, saboda haka jaririn da aka yi wa baftisma ya riga ya sami sabuwar haihuwa, abin da ya rage masa shi ne ya girma a cikinta. Baptis da sauran ikilisiyoyin bishara da na Fentikos sun ce a'a: sai mutum ya ji bishara, ya tuba, ya ba da gaskiya da kansa, baftisma kuwa shaida ce da ke biyo baya.

Gardamar tabbaci ta fi wannan zafi. Martin Luther, Bajamushen da ya jagoranci ɓallewar Furotesta daga Katolika, wanda ya sha fama da tsoron hukunci tun yana ɗan zuhudu, ya koyar cewa mutum ya dogara ga alkawarin Allah, kada ya tsaya awon ayyukansa. Majalisar Trent ta Katolika ta mayar da martani a 1547: ba a shakkar jinƙan Allah, amma ba wanda zai iya sani, sani marar kuskure, cewa ya sami alherin, in ba da wahayi na musamman ba. Mabiya John Calvin, wani jagoran Furotesta, a taron Dort, 1618 zuwa 1619, suka tsaya a kan cewa wanda Allah ya zaɓa ba zai fāɗi har abada ba, suna kafa hujja da Yohanna 10:28. Mabiya Arminius, malamin da ya saɓa wa koyarwar Calvin, da suka biyo baya sun riƙe Ibraniyawa 6, suka ce mai bi na iya juya baya ya rasa ceto. Kowane ɓangare yana da ayarsa a hannu, shi ya sa zancen ya ƙi ƙarewa.

Labarin John Wesley ya nuna abin a kusa. Limamin ikilisiyar Angilikan ne, ya ma je aikin mishan a Amurka, amma ya dawo Ingila ba shi da kwanciyar rai. A yammacin 24 ga Mayu, 1738, ya je wani ƙaramin taro a titin Aldersgate a Landan ba da son ransa ba. Ana karanta gabatarwar Luther ga wasiƙar Romawa sai ya ji zuciyarsa ta ɗumama, ya tabbata an ɗauke masa nasa zunuban. Daga nan mabiyansa, 'yan Methodist, suka riƙe Romawa 8:16, shaidar Ruhu a zuciya. Sai dai Wesley bai yarda cewa wannan tabbaci yana hana mutum fāɗuwa nan gaba ba.

A Arewacin Najeriya, fahimtar ikilisiyoyin bishara ce ta fi yaɗuwa cikin Hausa, ta hannun mishan ɗin Sudan Interior Mission (SIM) da aka fara a 1893, wanda ya haifi ikilisiyar ECWA, da Sudan United Mission (SUM) na 1904, wanda ikilisiyar COCIN ta fito daga cikinsa. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Hausa a 1932, ƙungiyar wa'azi ta Sabon Rai Don Kowa kuma ta taso a shekarun 1960, sunanta kansa daga wannan koyarwa yake. A taron farkawa, bayan wa'azi, fasto yakan ce kowa ya sunkuyar da kai, wanda yake so ya karɓi Yesu a matsayin Ubangiji da Mai Ceto ya ɗaga hannu ya fito gaba. Ana ganin mutum ɗaya yana fitowa shekara bayan shekara, domin shakka ta sāke kama shi. Irin wannan ne masu koyar da ajin baftisma suke buɗe wa 1 Yohanna 5:13, inda marubucin ya ce ya rubuta ne domin masu bi su san suna da rai madawwami, su sa shi ya karanta da bakinsa.