Darajar ɗan Adam a koyarwar Kirista

Darajar ɗan Adam a koyarwar Kirista ita ce fahimtar da mabiya Yesu Almasihu suke da ita game da abin da ya ba mutum ƙima, da kuma yadda ya kamata mutum ya ɗauki kansa. Manyan ɗarikun Kirista, wato Katolika da Otodoks da Furotesta, sun haɗu a kan cewa wannan daraja baiwa ce daga Allah. Dukiya ko sarauta ko ilimi ba sa ƙara ta, talauci da naƙasa kuma ba sa rage ta. Inda suka sha bamban shi ne iyakar ɓarnar da zunubi ya yi mata, da kuma ko ya halatta Kirista ya ƙaunaci kansa.

Kalmomi

Hausa tana da kalmomi da dama a wannan fage, kowace da gefenta. Mutunci abu ne da jama'a suke gani, ana iya ci ko zubar da shi. Girman kai aibi ne, tawali'u kuma abin yabo. Abin da malaman Kirista suke nufi da daraja ya sha gaban mutunci, domin a wurinsu ko an zubar wa mutum da mutunci a bainar jama'a, darajarsa a gaban Allah tana nan.

Tushe a Littafi Mai Tsarki

Ayar da aka fi kafa hujja da ita ita ce Farawa 1:26-27, inda aka ce Allah ya halicci mutum cikin siffarsa da kamanninsa, namiji da mace. A ƙasashen da suka kewaye Isra'ila ta dā, kamar Masar da Mesofotamiya, sarki ne aka fi kira surar allah, shi ya sa masana da yawa suke ganin Farawa ta ɗauki kirarin sarki ta ba kowa. Farawa 9:6 ta hana kisan kai da wannan dalili, wasiƙar Yakubu 3:9 kuma ta tsawata wa mai yabon Allah da harshen da yake zagin mutum da shi. Zabura ta 8 tana mamakin yadda Allah yake tunawa da ɗan Adam, ta 139 kuwa tana maganar yadda aka saƙa mutum tun yana cikin mahaifiyarsa.

A Sabon Alkawari, Yesu ya kawo misali daga kasuwa. A Matiyu 10:29-31 ana sayar da gwara biyu a kan ƙaramin tsabar tagulla guda, wanda bai wuce kashi ɗaya cikin 16 na dinari ba, dinari kuwa shi ne ladan ƙwadagon yini. A Luka 12:6 farashin gwara biyar ne a kan tsaba biyu, ke nan ta biyar ɗin gyara ce aka yi wa mai saye. Ko wannan ta gyaran, in ji nassin, Allah bai manta da ita ba, balle mutum, wanda gashin kansa ma a ƙidaye yake. Luka sura ta 15 ta jera ɓatacciyar tunkiya, da ɓataccen kuɗi, da ɗan da ya cinye gadonsa a almubazzaranci. Yaron ya dawo yana shirin roƙon a ɗauke shi barantaka, uban bai bari ya ƙarasa maganar ba, ya sa aka kawo riga da zobe da takalmi.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren, wanda ba a raba shi da na farko. Manzo Bulus ya ce kowa ya yi zunubi (Romawa 3:23), ya gargaɗi masu bi kada kowa ya ɗauki kansa fiye da yadda ya kamata (Romawa 12:3), ya kuma ce ceto alheri ne, ba ladan aiki ba, don kada wani ya yi fariya (Afisawa 2:8-9). Yawancin muhawarar da ta biyo baya ta taso ne daga ƙoƙarin riƙe waɗannan biyu tare.

Ƙarnonin farko

Iraniyus, bishof na Liyon a Faransa ta yau, ya rubuta wajen shekarar 180 cewa siffa daban, kamanni daban: siffar Allah tana tare da mutum tun daga halitta, kamanni kuwa ya ɓace ta dalilin zunubi, Ruhu Mai Tsarki ne yake maido da shi. Ikkilisiyoyin Gabas, wato na Otodoks, sun riƙe wannan rabe-rabe har yau.

Girigori na Nisa, a yankin Kafadokiya na Turkiyya ta yau, ya kai maganar inda kaɗan ne suka kai ta a zamaninsa. A wani wa'azi da ake jin ya yi shi wajen shekarar 380, a kan ayar Mai Hadishi 2:7 mai maganar sayen bayi maza da mata, ya tambayi masu bayi nawa suka biya kuɗin siffar Allah, wane ne kuma ya isa ya sayar da wanda Allah da kansa ya 'yanta. Ana lissafa wannan wa'azi cikin suka mafi tsufa da aka yi wa bauta ita kanta, ba muguntar iyayengiji kaɗai ba. Abin takaici, ikkilisiya ba ta bi shi ba, ta ci gaba da zama da bauta fiye da shekara dubu bayansa.

A Yamma, muryar da ta fi tasiri ita ce ta Agustin (354-430), haifaffen garin Tagaste, bishof na Hippo, duka a Aljeriya ta yau. A wurinsa girman kai ne tushen zunubi. Ya siffanta tarihin duniya da birane biyu, ɗaya an gina shi a kan son kai har ya kai ga raina Allah, ɗayan a kan ƙaunar Allah har mutum ya manta da kansa. Ya yi doguwar jayayya da Felajiyus, wanda ya koyar cewa mutum yana iya yin biyayya ga Allah da ikon da aka halicce shi da shi. Majalisar bishof-bishof da ta zauna a birnin Kartej a shekarar 418 ta ƙi koyarwar Felajiyus. Duk da haka Agustin bai ce mutum wofi ba ne. Ya ce duk abin da Allah ya halitta nagari ne, mugunta lalacewar nagarta ce. Fafaroma Liyo na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 440 zuwa 461, ya yi wani wa'azin Kirsimeti da har yanzu ake maimaitawa, inda ya ce wa Kirista ya san darajarsa, kada ya koma ƙazantar da aka fisshe shi.

Daga ƙarni na 12 zuwa gyaran ikkilisiya

Banad na Kilabo (1090-1153), malamin addini na Faransa, ya tsara ƙauna hawa huɗu. Mutum yakan fara da son kansa don kansa, sai ya so Allah don abin da yake samu, sai ya so Allah don Allah, a ƙarshe ya so kansa don Allah kaɗai. Toma Akwinas (1225-1274), babban malamin Katolika, ya ce siffar Allah tana cikin hankalin mutum, ƙaunar kai ta gaskiya kuma wajibi ce.

Martin Luther, jagoran gyaran ikkilisiya da ya haifar da Furotesta, a muhawarar Heidelberg ta 1518, ya ce ƙaunar mutum takan nemi abin da ya riga ya yi kyau, ta Allah kuwa ita ce take yin abin da za ta so. Ma'ana, ba don mai zunubi yana da kyau aka ƙaunace shi ba, ƙaunar ce ta sa ya yi kyau. John Calvin, wani jagoran Furotesta, ya tsananta maganar lalacewar mutum, amma ya nace a girmama siffar Allah ko a jikin wanda bai cancanci kirki ba.

Bauta da wariyar launin fata

A 1511 wani firist na Katolika ɗan ƙungiyar Dominikan, Antonio de Montesinos, ya tsaya a gaban Sifaniyawan tsibirin Hisfaniyola, a yankin Karibiyan, ya tambaye su ko 'yan asalin ƙasar ba mutane ba ne. Fafaroma Bulus na Uku ya fitar da doka a 1537 cewa mutane ne masu hankali, bai halatta a bautar da su ba, wani firist, Bartolome de las Casas, kuma ya kare su a muhawarar Valladolid, a Sifen, ta 1550 zuwa 1551. A Ingila, 'yan ɗarikar Kirista ta Kwaka da su ɗan majalisa William Wilberforce sun kafa hujja da halitta ɗaya har aka haramta cinikin bayi a 1807. Masu riƙe da bayi su ma da ayoyi suka kare kansu. Haka aka yi a Afirka ta Kudu, inda Cocin Dutch Reformed ya goyi bayan wariya, Akbishof Desmond Tutu kuma ya yaƙe ta da Farawa sura ta 1.

Muhawarar zamani

Maganar ganin ƙimar kai a matsayin abin aunawa daga ilimin halayyar ɗan Adam ta fito. William James ya bayyana ta a 1890 da cewa nasarar mutum ce idan aka gwada ta da burinsa, Morris Rosenberg kuma ya tsara ma'auni mai tambayoyi 10 a 1965. Fastoci da marubutan Kirista na Amurka sun rabu a kai. Robert Schuller ya ce a 1982 zunubi shi ne duk abin da ya ƙwace wa mutum ganin ƙimar kansa; Paul Vitz da Jay Adams sun ga haka bautar kai ce da aka lulluɓe da addini. John Stott na Ingila ya ce umarnin a ƙaunaci maƙwabci kamar kai bai ƙunshi umarni na uku na son kai ba, bayan na ƙaunar Allah da na ƙaunar maƙwabci. Tun a 1960 masaniyar tauhidi Valerie Saiving ta yi nuni da cewa yawan gargaɗi a kan girman kai maza ya fi dacewa da su, mata da yawa kuwa raina kai ne ciwonsu.

Majalisar Vatican ta Biyu, babban taron bishof-bishof na Katolika, ta ba darajar mutum babban wuri a takardunta na 1965. Vatican ta sake fitar da sanarwa a kan batun a Afrilun 2024.

A ƙasar Hausa

Cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932, Dokta Walter Miller na mishan ɗin CMS, na Cocin Anglikan, a Zariya yana cikin manyan mafassaransa. Inda koyarwar ta fi fitowa a aikace shi ne jinyar kutare, waɗanda tsoron cutar ya sa ake ware musu ƙwarya da tabarma. Mishan ɗin Brethren ya buɗe mazaunin jinya a Garkida a 1929. A ƙarshen shekarun 1930 mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) ya karɓi kula da wuraren jinyar kutare na lardunan Kano da Katsina da Sakkwato bisa yarjejeniya da hukumomin En'e, daga baya ya buɗe asibitin Danja kusa da Maraɗi. An yi saɓani a kan haɗa jinya da wa'azi a waɗannan wurare. Wurin jinyar Katsina yana Babbar Ruga, na Sakkwato yana Amanawa, na Kano kuwa sunansa Yadakunya.